Ciwon Sifon

Ba zan taɓa mantawa da walimar sabon gidan Kawuna ba, kuma ko da na so in manta, mutanen unguwarmu, Roumdé Adjia, ba su da irin wannan tausayin. A Garwa abin ya faru, a shekarun da shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, lokacin da duk wanda ya iya ɗaura karabat a wuya ya haɗa jimla biyu ta Faransanci yake ganin saura ƙiris a kira shi Yawunde a ba shi minista. Ina cikin waɗannan mutane. In ma za a faɗi gaskiya, ni ne limaminsu.

A kamfanin ruwa nake aiki. A takarda ni ƙaramin ma'aikaci ne, mai zuba alif da javel, wato bilic, a manyan tankuna, mai buɗe wancan famfo ya rufe wannan. Amma an taɓa tura ni sitaj, wato kwas, na 'yan watanni a Duwala, na dawo da jakar hannu da tabarau (idona lafiya ƙalau, gilashin banza ne), kuma tun daga ranar Kawu ya fara kirana Injiniya. Ban taɓa gyara masa ba.

Kawu Alhaji Ɗanjuma yayan mahaifiyata ne. Da fawa ya fara a kasuwa, Allah ya buɗa masa har ya koma fataucin shanu, ana kora masa garke zuwa kudu. Yana da aboki Bature, wani likitan dabbobi da ya daɗe yana yi wa shanunsa allura. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar wa Kawu kyautar da ba wanda ya taɓa ganin irinta a unguwarmu: wani ƙaton akwatin gilashi na kifi, tsawonsa ya fi gadon mutum, a kan ƙafafun ƙarfe. Sai da aka kwashe kifayen da ruwansu a robobi, ƙarti suka ciccibo shi zuwa sabon falon Kawu suna nishi.

Kifayen dangin karfasa ne, amma karfasar da ta yi boko. Akwai ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, akwai ruwan ɗorawa, akwai mai zane kamar an yi masa bille. Wasu daga rafukan Binuwai ya kamo su, wasu daga nesa aka kawo masa. Ga masifa, ga ci kamar karnukan mahauta, ga kashi daidai da cin. Kawu kuwa ya mutu a kansu. Mutumin da ya shekara yana yanka bijimai ba ya ko ƙifta ido, sai ga shi zaune gaban gilashi yana yi wa kifi magana. Babban cikinsu, wani jibgegen ja da yake korar kowa daga kusurwarsa, Kawu ya sa masa suna Kwamanda.

Ranar da na je gani, na yi wa kifayen kallo ɗaya na wuce, don ni ba kifi ya kawo ni ba. Na zagaya baya. Can na tarar da wani baƙin akwati rataye a jikin gilashin, ɗan inji yana ƙugi a ciki, ruwa yana shiga ta nan yana fita ta can. Na buɗe murfin. Soso ne da ƙananan duwatsu, duk sun yi ƙasa-ƙasa da dauɗa, suna wani ƙamshi irin na bakin kogi.

“Wannan ita ce matatar ruwan?” na tambaya, ina riƙe da hanci.

Kawu ya ce, “Ita ce. Likita ya ce kada a taɓa ta. In ta toshe, a ɗebi ruwan kifin a roba, a ɗan matse soson a ciki, a mayar. Ya ce wai dattin nan shi ne maganin.”

Na yi irin dariyar da na koyo a Duwala, wadda ake yi ta hanci. Na ce, “Kawu, likitan shanu ne fa. Ya san kaska, ya san ciwon huhu. Ruwa kuwa, ni nake tace wanda Garwa duka take sha, har da shi kansa. Datti ya zama magani? Ai da sai mu rufe kamfani mu aika mutane kwata da moɗa.”

Kawu ya ce, “To, Injiniya, kai ka yi karatun. Ni dai ranar walima ina son ruwan nan ya yi garau.”

Akwai abin da ban faɗa wa Kawu ba. A wurin aikinmu kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa, kuma Shef ɗinmu, wato babban maigidanmu Musyu Mbarga, yana cikin waɗanda Kawu ya gayyata, don sun saba ta wajen ragon Sallah. Na ƙudura a raina cewa a falon nan zai gane irin mutumin da yake ɓata wa lokaci da zuba alif.

Na fara da baƙin akwatin. Na kwance shi, na dirje soson da sabulu, na jiƙa duwatsun a javel, na ɗauraye, na shanya a rana har suka yi fes. Na mayar ina jiran godiya. Ba a jima ba ruwan ya koma kamar an dama farau-farau a ciki. Kifayen suka taso sama suna ta buɗe baki, wasu ƙanana suka juya ciki sama. Kawu da kansa ya tsame su da ludayi, da ya gama ya ce, “Injiniya, waɗannan da suka rage hamma suke yi ko me?”

(Yanzu na san abin da na yi. A cikin dauɗar nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su suke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. Na yi musu kisan kiyashi da hannuna, ina fito. Abin haushin shi ne an ambaci irinsu a Duwala, amma ranar ina can bayan aji ina gwada sa hannu irin na manya.)

A lokacin kuwa ban ga laifina ba ko kaɗan. Na ce akwatin ne ya yi ƙanƙanta, aikin ƙwauron Bature ne. Na canza musu wani ɓangare na ruwan, suka ɗan farfaɗo, na shiga bincika kwalin tarkacen da likita ya bari. A ciki na sami wani faffaɗan faranti na roba mai ramuka, sabo fil, ko takardarsa ba a yage ba. Hoton jikin kwalin ya nuna ana shimfiɗa shi a ƙasan akwatin, a rufe da tsakuwa, ruwa ya riƙa ratsa tsakuwar yana tacewa. Na ɗaga shi sama na ce, “Ka gani ko, Kawu? Mai kyaun ma bai iya aiki da shi ba.”

Na ɓata yini guda ina shimfiɗa shi, na baje tsakuwa sumul kamar filin jirgi. Washegari na dawo na tarar Kwamanda da yaransa sun kama aiki. Kowa ya cika baki da tsakuwa, ya je kusurwa ya tofar, ya dawo, kamar leburorin hanya da aka yi wa alkawarin ƙarin albashi. Farantin yana nan tsirara, ruwa yana bi ta inda aka tone yana barin sauran. Na sake bajewa. Suka sake tonewa. Akwai ranar da na tsaya hannuna cikin ruwa har kafaɗa ina zagin kifi da Faransanci, shi kuma ya zo ya cije ni a gwiwar hannu. Ashe haƙa a jininsu take, shi ya sa likita bai taɓa yage takardar ba. Wannan ma ban gane ba sai daga baya. Abin da na ce a ranar shi ne kifayen ba su da tarbiyya.

Walima ta matso, ruwa bai yi garau ba. Sai na yanke shawarar in daina wasa da kayan yara, in gina matatar ruwa irin ta kamfani.

Na sa mai walda ya yanka mini duro gida biyu. A rabin na jera manyan duwatsu, sannan tsakuwa, sannan gawayi, sannan yashin Binuwai da na wanke, na rufe da auduga. Na samo injin tura ruwa mai aiki da lantarki wajen wani mai lambu. Tiyo biyu na sa. Ɗaya ya taso daga can ƙasan akwatin kifin, ya haura baki, ya gangaro cikin duron, kuma da yake duron yana ƙasa, da zarar an zuƙe iskar ciki ruwa yake bi da kansa. Wannan shi ake kira sifon. Ɗayan kuma inji ne yake tura tataccen ruwa ta cikinsa ya koma sama. Na daidaita su har abin da yake sauka ya zo ɗaya da abin da yake hawa, na kife murfi, na ɗaure da robar tayar keke.

Kuma wallahi ya yi aiki. Ana gobe walima na kunna, kafin azahar ruwan ya yi garau har kana ganin inuwar Kwamanda a ƙasa. Da ma bai yi ba, da ya fi mini.

Hajja, matar Kawu, ta leƙo ta ce ita dai ba za a ajiye mata duro a falo ba, ba gidan mai ba ne. Sai na lulluɓe shi da wani jan karan-miski har ƙasa, na ɗora matashi a kai, ya zama kujera. Dabara ta zo mini nan take: a kansa zan zauna in yi bayani, in na kai ƙarshe in miƙe in yaye mayafin, kowa ya riƙe baki.

Bayan la'asar falo ya cika. Dardumar da Kawu ya taho da ita daga Makka an shimfiɗa ta bango zuwa bango. Mahauta da dillalan shanu sun sha manyan riguna, sai ƙamshin turare. A gaba ga Modibbo Hamadu, tsohon malamin da ya karantar da Kawu, yana jan carbi. Musyu Mbarga yana kan kujera a gefe da kwat ɗinsa. Ni kuma na sa farin wando da farar kwat, na hau kujerata kusa da gilashin, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Modibbo ya yi addu'a aka shafa. Kawu ya ce, “Jama'a, ga ɗan ƙanwata, Injiniyan ruwa. Shi ya gyara wa kifin nan ruwansu. Injiniya, yi musu bayani.”

Na gyara tabarau na fara. Rabi Hausa, rabi Faransanci, Fulatanci kuwa na ƙi taɓa shi don kada a ce ban yi nisa ba. Na yi bayanin yashi, na yi bayanin gawayi. Na ɗauki lokaci mai tsawo a kan likitan shanu da baƙin akwatinsa, ina kwaikwayon yadda yake magana, har wasu suka yi dariya. Ina satar kallon Shef, na ga yana gyaɗa kai (daga baya na gane gyangyaɗi yake yi).

Ina tsakiyar cewa ilimi ba a gadonsa a turken shanu, sai aka ɗauke wuta.

Ba wanda ya damu. A Garwa ta wancan lokaci ɗauke wuta kamar atishawa ne. Fanka ta tsaya, mutane suka ɗauko maficai. Ni kaɗai na ji abin da ya tsaya tare da ita, wato ƙugin injin da ke ƙarƙashina. Bayansa sai wani sauti, ƙululu, ƙululu. Injin da yake mayar da ruwa sama ya mutu, amma tiyon da yake saukar da shi ba ruwansa da lantarki. Ɗayan tiyon ma ya juya, shi ma yana saukarwa. Duk ruwan akwatin nan ya kamo hanyar rabin duro, ni kuma ina zaune a kan murfin.

Hankali ya ce mini in tashi in zare tiyon, magana ta ƙare. Amma tashi yana nufin in yaye karan-miski a gaban Shef in nuna masa duro yana ambaliya. Sai na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska: na sauke ƙafata, na ƙara danna murfin da duk nauyina, na ci gaba da jawabi. A tunanina wuta za ta dawo yanzu.

Ba ta dawo ba. Na fara jin ɗumi a mazaunina, don ruwan ya sha zafin Garwa yini guda. Matashin ya jiƙe. Ruwan ya ratsa wandona, ya bi cinya, ya gangara ta ƙafar wando cikin takalmi. Kuma ba garau ya fito ba, ya biyo ta kan audugar da ta tare kashin kifi, ya fito rawaya-rawaya, da ɗan wari. A kan farin wando. Daga ƙarƙashin mutumin da ya sandare a zaune, yana zufa, muryarsa tana rawa, yana maganar gawayi.

Wanda yake kusa da ni ya fara janye bakin rigarsa a hankali. Na bayansa ya sunkuyar da kai. Ruwan ya kama dardumar Makka yana tafiya, duk inda ya nufa sai ka ga mutum ya naɗe ƙafa ba tare da ya kalle ni ba. Falon ya yi tsit, sai muryata. Da ya kai gaban Modibbo, tsohon ya dubi ruwan, ya dube ni, fuskarsa cike da tausayi.

Ya ce, “Ɗana, bar maganar haka nan. Lalura ce, tana kan kowa.” Ya juya ga mutane. “Jama'a, mu ba shi wuri.”

Suka miƙe gaba ɗaya, kowa ya tattare riga, suka fara fita a jere kamar an idar da jana'iza. Duk wanda ya zo wucewa ta gabana sai ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” idonsa a ƙasa. Na ji wani dillali yana raɗa wa na kusa da shi, “Yaro ƙarami haka. Kuma ka ga yawansa?”

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce, “Ba abin da kuke zato ba ne. Sifon ne. Wallahi sifon ne.”

Modibbo ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce, “Ko ma wane suna likitoci suka sa masa, ɗana, Allah ya yaye maka.” Aka amsa da amin daga tsakar gida.

Falo ya rage daga ni sai Kawu sai Musyu Mbarga. Shef ya naɗe ƙafar wandonsa, ya tako cikin ruwan, ya leƙa bayan gilashin. Ruwan kifin ya sauka ya wuce rabi, Kwamanda da jama'arsa sun cure a ƙasa suna zarya. Ya sa hannu ya zare tiyo biyun, ambaliya ta tsaya. Ya ce in tashi. Na tashi, matashin ya biyo ni ya faɗi ƙasa, ɓat. Ya ɗaga karan-miskin da yatsa biyu, ya daɗe yana kallon aikina.

Da Faransanci ya tambaye ni, a hankali, “Ina clapet?”

Clapet wani ɗan marfi ne da ake sa wa bututu don ya hana ruwa komawa baya. Kowane inji a wurin aikinmu yana da shi. Ni nake duba su.

“Wannan kuma,” ya ɗaga ɗaya tiyon, “ɗan rami guda a wuyansa, ƙasa kaɗan da saman ruwa, da iska ta shiga ta yanke shi da kansa. Ba a nuna muku wannan a Duwala ba?” Ya goge hannu da hankici ya ce, “Ranar Litinin ka kawo mini makullan ɗakin injuna.”

Kawu duk wannan lokaci dardumarsa yake kallo. Can ya ce, “Shiga ciki, Hajja ta ba ka abin da za ka ɗaura.” Bai ce Injiniya ba.

Gidan ƙofa ɗaya gare shi. Haka na ratsa tsakar gida, inda baƙi suke zaune suna cin shinkafa da naman rago, da farar kwat a sama, zanen Hajja a ƙasa, wandona a dunƙule a hannu yana ɗiga. In akwai mai sauran shakka, a nan ta ƙare.

Kafin mako ya zagayo, Roumdé Adjia duka ta san ɗan ƙanwar Alhaji yana fama da ciwon sifon. Mai ɗakina ta riƙa karɓar saƙo: wannan ta aiko da sassaƙe a jiƙa, waccan da rubutu a kwalba, wata tsohuwa ta ce ƙaninta a garin Kaélé ya yi irinsa, da ya daina shan shayi da yamma ya warke. Matata takan karɓa da ladabi ta yi godiya, ta shigo ɗaki ta kifa kai a katifa tana dariya har da hawaye. Wani mahauci ya tare ni a kasuwa ya ba ni ƙodar sa kyauta, ya ce in gasa ba gishiri.

Da abin ya ishe ni na je wurin Kawu. Na same shi gaban gilashin, baƙin akwatin likita ya koma mazauninsa, duron kuma yana bayan gida ana ba awaki ruwa a ciki. Shef ne ya ba shi shawara ya mayar da akwatin, ya rage ba su abinci, ya riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, ya yi haƙuri har soson ya sake yin dauɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce don Allah ya faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya faru.

Bai ɗauke ido daga kan Kwamanda ba ya ce, “To, ka zaɓa. Ko a bar shi a kan lalura, ko in tara su in ce musu wanda yake tace ruwan da suke sha bai san ruwa ƙasa yake gangarawa ba.”

Na sunkuyar da kai ina sosa ƙeya.

Ya ce, “Lalura ce ke nan. Allah ya ba ka lafiya.”

Kujerar shugaban sashe wani aka ba, mutumin da ko jakar hannu ba shi da ita. Soson likita ya sake yin ƙasa-ƙasa, ruwan ya washe da kansa, kifayen har suka hayayyafa. Ni kuwa an yarda in shiga falon in gaida Kawu, amma daga bakin darduma nake tsayawa, kuma Hajja ba ta taɓa ba ni kujera mai matashi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka tarar da abu mai dauɗa yana aikinsa lafiya, ka tambayi dalilin dauɗar kafin ka ɗauko sabulu. In kuma ka ji ruwa yana fitowa daga ƙarƙashinka a cikin taro, ko naka ne ko ba naka ba, ka tashi tun yana kaɗan.